Ciwon Suga Da Ƙuncin Rai: Ina Iyakar Amfanin Kwalbar Bitamin?

A Balan da ƙauyukan da ke maƙwabtaka da ita, daga Kademi zuwa Shagogo har a faɗa ƙasar Ajingi, akwai kalma guda da mutanenmu ke tattara cututtuka barkatai su ƙulle a cikinta, wato "ƙarancin jini". Mutum ya kwana bai runtsa ba, ƙarancin jini. Ya daina marmarin abinci, ƙarancin jini. Magidanci ya ƙaurace wa majalisa, ya bar zuwa ɗaurin aure da suna, ya zauna a zaure yana kallon ƙasa, shi ma ƙarancin jini. Maganin kuwa sananne ne: a aiki yaro kemis ya karɓo kwalbar ƙarin jini da 'yan ƙwayoyin bitamin masu launi, ko a kira mai allura ya ɗaura masa ruwan nan mai launin ɗorawa a jijiya.

Idan wanda ake yi wa wannan hidima mai ciwon suga ne, to, batun ya wuce na wasa. Abin da nake so in ajiye a gaban mai karatu shi ne: bitamin yana amfani ne inda jiki ya rasa shi, kuma akwai guda ɗaya da masu ciwon suga ke yawan rasawa, ya kamata a kula da shi. Bayan wannan, mafi yawan kwalaben da muke saye suna cinye kuɗin maganin gaskiya, suna kuma rufe wani ciwo da ba mu saba kiran sunansa ba, wato ciwon damuwa.

Ciwo biyu a jiki ɗaya

Ciwon suga ya daɗe da barin zama cutar masu kuɗin birni. A shekarar 2018, Farfesa Andrew Uloko na Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, tare da abokan aikinsa, sun tattara binciken da aka yi a sassan ƙasar nan, suka samu cewa kimanin kashi 5.77 cikin ɗari na 'yan Nijeriya na ɗauke da ciwon, a Arewa maso Yamma kuwa kusan kashi 3 cikin ɗari. Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya, a ƙididdigarta ta 2021, ta ce manya miliyan 24 ne ke da shi a Afirka, kuma fiye da rabinsu ba su ma san suna da shi ba.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda wannan ciwo ke taɓa zuciya da tunani. Tun a 2001 wasu masana a Amurka suka haɗa sakamakon bincike 42, suka tabbatar cewa yiwuwar mai ciwon suga ya kamu da ciwon damuwa ta ninka ta wanda ba shi da shi sau biyu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya zauna da majinyaci. Ciwo ne da ba ya hutu, ba ya sallama. An hana mutum tuwon da ya tashi da shi, an hana shi shayi mai suga da fura mai zaƙi. Kullum yana fargabar makanta, ko ciwon ƙoda, ko ranar da za a ce sai an yanke ƙafa. Maza da yawa na fama da raunin mazakuta suna haɗiye maganar. Ga kuɗin magani da ba ya ƙarewa. Sannan abin yana juyawa ya ciji kansa: wanda damuwa ta danne ba ya kula da shan magani a kan lokaci, ba ya motsa jiki, ba ya kiyaye abinci, sinadaran tashin hankali da jiki ke fitarwa kuma suna ƙara ɗaga sugan jini. Suga na ciyar da damuwa, damuwa na ciyar da suga.

A nan ne kwalbar bitamin ke shigowa. Ta fi sauƙin saye, ta kuma fi sauƙin faɗa. Ba wanda zai ji kunyar cewa jininsa ya yi ƙasa, amma a ce dattijo mai iyali ya buɗe baki ya ce rayuwa ta fice masa daga rai, sai a fara raɗe-raɗin ya rasa tawakkali, ko an yi masa sammu, ko kansa ya soma taɓuwa.

Inda bitamin ke da gaskiya

Ba na cikin masu cewa bitamin duk yaudara ne. Akwai wurin da maganar ke da tushe mai ƙarfi, kuma abin takaici shi ne wurin ne aka fi yin sakaci da shi.

Maganin da aka fi bai wa masu ciwon suga nau'i na biyu a duniya shi ne metfomin, wanda wasu suka fi sani da sunan Glucophage. Magani ne nagari, mai araha, da ya ceci rayuka masu yawa. Sai dai idan aka ɗauki shekaru ana shan sa, yakan rage wa hanji ƙarfin tsotsar bitamin B12 daga abinci. A wani bincike da aka yi a Holan aka wallafa a 2010, an bi mutum 390 har fiye da shekara huɗu, aka ga B12 ɗin masu shan metfomin ya ragu da kusan kashi 19 cikin ɗari idan aka gwada da waɗanda ba su sha ba. Wani dogon bincike a Amurka da ya fito a 2016 ya nuna cewa haɗarin na ƙaruwa da yawan shekarun shan maganin. A watan Yunin 2022, hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta sanar cewa wannan ƙaranci na iya shafar har mutum ɗaya cikin goma na masu shan metfomin, ta kuma umarci likitoci su riƙa auna shi ga waɗanda ake zargi.

Me ya sa wannan ya shafi lafiyar tunani? Saboda B12 na cikin abubuwan da jijiyoyi da ƙwaƙwalwa ba sa iya aiki sai da su. Idan ya yi ƙasa, mutum kan ji kasala, mantuwa, saurin fushi, ƙuncin rai, da zugi ko mutuwar tafin ƙafa da yatsu. Matsalar ita ce waɗannan alamomin ƙafa sun yi kama da lalacewar jijiyoyin da ciwon suga kansa ke haddasawa, don haka sai a ɗora wa suga laifin duka, a bar abin da ke da magani yana ci gaba da ɓarna. Hanta na iya ajiye B12 na shekaru, shi ya sa ƙarancin ke zuwa a saɓule, ba a farga sai ya yi nisa. Idan kuma aka bari ya daɗe, wata lalacewar jijiyar ba ta komawa daidai.

Mu a karkara muna da ƙarin dalilai biyu na fargaba. Na farko, B12 daga dabba ake samun sa: hanta, nama, kifi, ƙwai, nono da kindirmo. Gero da dawa da wake ba su da shi, haka ma zogale, duk da kirarin da ake yi masa, ba abin dogaro ba ne a wannan fanni. A yau gida nawa ne a Balan ke ganin nama fiye da ranar kasuwa ko ranar suna? Na biyu, magungunan gyambon ciki irin su omefirazol, waɗanda mutanenmu ke sha wata da watanni ba tare da umarnin likita ba, su ma suna rage tsotsar B12. Dattijon da ke shan metfomin da maganin olsa, tuwonsa kuma miyar kuka ce ba nama, ya haɗa hanyoyi uku na ƙaranci a jiki ɗaya.

Na ga haka a cikin dangi. Wani kawuna, manomi, ya shekara tara yana shan metfomin. A hankali ya soma mantuwa, yana faɗa da yara a kan abin da bai taka kara ya karya ba, yana cewa tafin ƙafarsa kamar an shafa masa barkono. Na ce masa, "Kawu, me ke damunka haka?" Ya ce, "Ɗan nan, jiki ne ya ƙi, tsufa ba ya sallama." Da aka kai shi birni likita ya sa aka auna jininsa, sai ga B12 ya yi ƙasa ƙwarai. Aka ɗora shi a kan allura bisa tsari. Cikin 'yan watanni hankalinsa ya dawo jikinsa, zugin ƙafar ya ragu, kuma ba a dakatar masa da metfomin ba. Wannan shi ne bitamin a muhallinsa: an auna, an ga giɓi, an cike.

Inda talla ta wuce ilimi

A unguwa guda kuma akwai wata baiwar Allah mai ciwon suga, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da marayu. 'Ya'yanta sun yi ta sayo mata kwalabe, an yi mata ƙarin ruwa har sau uku. Ba abin da ya sauya. Ba ta barci, ba ta cin abinci, ta daina shan maganin sugan ma gaba ɗaya, tana cewa me ya rage. Ita jininta bai rasa komai ba. Abin da ke cinta ciwon damuwa ne, kuma babu kwalbar da za ta warkar da shi.

Manyan bincike sun goyi bayan wannan bambanci. Ɗauki bitamin D, wanda 'yan talla a Facebook da WhatsApp ke cewa yana maganin damuwa da suga a lokaci guda. Gaskiya ne an sha ganin masu ciwon damuwa da ƙarancinsa, akwai kuma ƙananan gwaje-gwaje na 'yan makonni, wasu a Iran, da suka nuna ɗan sauƙi ga masu ciwon sugan da ke da ƙarancin. Amma ganin abu biyu tare ba ya nufin ɗaya ne ya haifi ɗaya. Wanda damuwa ta kwantar a ɗaka ba ya shiga rana, rana kuwa ita ce ke sa fata ta samar da bitamin D. Da aka zo babban gwaji a Amurka, wanda aka wallafa a 2020, an bai wa rabin mutum 18,353 masu shekara 50 zuwa sama bitamin D kullum har fiye da shekara biyar, sauran rabin aka ba su ƙwayar da ba komai a cikinta. Ba a ga bambanci ba wajen kamuwa da ciwon damuwa. Shekara guda kafin nan, a 2019, wani gwajin da ya ƙunshi mutum 2,423 da ke gab da kamuwa da ciwon suga bai nuna wata gagarumar kariya daga bitamin D ba.

Akwai darasi daga gida ma. A 1999 aka wallafa binciken da aka yi a Jos a kan yara masu gwamen ƙafa, cutar da a Turai aka san ta da ƙarancin bitamin D. Sai aka tarar yaranmu sun fi samun sauƙi da sinadarin kalsiyam fiye da bitamin D shi kaɗai, domin shi ne abincinsu ya rasa. Wato abin da Bature mai zaman sanyi ya rasa ba lallai shi ne manomin Ajingi da ke wuni a rana ya rasa ba. Mai yiwuwa tsohuwar da ba ta fita ko matar da ke kulle ta buƙaci a duba ta, amma wannan hukuncin likita ne bayan awo, mai talla ba shi da hurumi a ciki.

Kwalbar da ke cutarwa

Da a ce iyakar abin asarar kuɗi ce, da da sauƙi. Amma wasu daga cikin abubuwan nan na da illa ta musamman ga mai ciwon suga.

Yawancin magungunan ƙarin jini na ruwa da suga ake haɗa su don su yi daɗin sha. Mai ciwon suga ya sha cokali biyu sau uku a rana, ya zama ana ba kura ajiyar nama. Ƙwayoyin da ake kira na jijiya, masu haɗin B1 da B6 da B12, wasunsu na ɗauke da miligiram 100 ko fiye na B6, alhali yawan B6 na tsawon lokaci shi kansa yana lalata jijiyoyi. Saboda haka ne a 2022 hukumar magunguna ta Ostareliya ta wajabta rubuta gargaɗi a kan duk maganin da ke ba da fiye da miligiram 10 na B6 a rana. Ƙwayar folik asid kuma na iya gyara alamun ƙarancin jini ta ɓoye ƙarancin B12, jijiyoyi na ci gaba da lalacewa ba a sani ba. Mafi muni shi ne haɗin nan na ƙiba da buɗe ciki da ake kira sha-ka-fashe, wanda sau da yawa akwai deksa a cikinsa. Deksa na harba sugan jini sama, yana kuma rikita barci da yanayin zuciya.

Sai batun lambar NAFDAC. Jama'a na ɗauka duk abin da ke da lambar an tabbatar yana warkarwa. A magungunan gargajiya da yawa, lambar jerantawa da hukumar ke bayarwa shaida ce ta cewa an duba abin ba ya cutarwa nan take, ba shaidar ingancin warkarwa ba ce. Shi ya sa ake rubuta a jikinsu cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba, sai dai da Turanci ne, da ƙananan haruffa.

Ga kuma lissafin aljihu. Tun daga cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin darajar Naira a watan Yuni, da ficewar kamfanin GSK da sauya tsarin kasuwancin Sanofi a wannan shekarar, farashin magunguna ya yi tashin gwauron zabi. Iyalin da ke da kuɗin abu ɗaya kacal, idan suka sayi kwalbar bitamin, to, metfomin ko insulin ko tsinken awon suga ne aka bari. Na san gidajen da ake raba ƙwayar suga biyu don ta kai ƙarshen wata, amma kwalbar ƙarin jini ba ta yankewa a kan taga.

Wani abin lura kuma, ba kowace rawar jiki da faɗuwar gaba ce damuwa ko ƙarancin jini ba. Masu shan Daonil da danginsa, ko masu allurar insulin, idan suka tsallake abinci, musamman a azumi ko lokacin aikin gona, sugansu na iya faɗuwa ƙasa, sai karkarwa da gumi da ruɗewa su biyo baya. Wannan awon suga yake buƙata nan take, da abin zaƙi a baki, kafin a tafi asibiti.

Tambaya biyu da ba sa cin kuɗi

To mene ne mafita ga mutumin Balan, wanda ganin ƙwararren likitan suga ke nufin hawa mota ta Gaya da Wudil har Kano? Likitocin ƙwaƙwalwa a duk faɗin Nijeriya ba su kai ɗari uku ba, bisa abin da ƙungiyarsu ta sha faɗa, asibitin Dawanau kuwa ya yi nisa, sunansa ma kaɗai na tsorata mutane. Dole a kawo abin kusa.

An gwada hakan a wurare, ya kuma yi aiki. A 2010 a Amurka, sannan a 2020 a Indiya, inda aka bi mutum 404 masu ciwon suga da damuwa a asibitoci huɗu, an nuna cewa idan aka horar da ma'aikacin da ba likitan ƙwaƙwalwa ba, ya riƙa bibiyar majinyaci a kan suga da hawan jini da halin zuciyarsa gaba ɗaya, ƙarƙashin kulawar ƙwararru, ciwukan biyu na samun sauƙi tare. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2008 ta fito da shirin horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci a kan haka. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu, aka bayyana a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ita ma ta buɗe wannan ƙofa.

Farkon matakin tambaya biyu ne kawai, waɗanda likitoci a duniya ke amfani da su. A makonni biyun da suka wuce, ka ji abubuwan da ka saba jin daɗinsu sun fice maka daga rai? Ka ji ƙunci ko yanke ƙauna sun lulluɓe ka? Malamin asibitin sha-ka-tafi zai iya yin su cikin minti ɗaya yayin da yake auna suga. Wanda ya amsa da i, a zauna da shi, a zurfafa, a tura shi gaba idan ya kama. Wanda kuwa ya fara maganar gara mutuwa, wannan gaggawa ce, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.

Kirana ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano da hukumar kula da lafiya a matakin farko shi ne su sanya waɗannan tambayoyi cikin katin duk mai ciwon suga, su kuma samar da awon B12 a manyan asibitocin karkara irin Babban Asibitin Gaya, ga wanda ya shekara huɗu ko fiye yana shan metfomin ko yake kukan ƙafa da mantuwa. Hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha ta duba yadda za ta ɗauke wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗin wannan awo. NAFDAC da hukumar kula da masu harhaɗa magunguna, waɗanda suka nuna ƙarfinsu a Fabrairun 2024 wajen mayar da dillalan magani daga Sabon Gari zuwa Dangwauro, su waiwayi masu talla da lasifika a kasuwannin ƙauye, su kuma tilasta rubuta gargaɗi da Hausa.

Masu kemis, ku 'yan'uwanmu ne, ku ne asibitin farko na talaka. Idan mai ciwon suga ya zo neman ƙarin jini, ku tambaye shi ko ya sayi maganin sugansa tukuna. Malamai da limamai, ku taimaka a fahimtar da jama'a cewa ƙuncin da ya zarce makonni ciwo ne kamar hawan jini, neman maganinsa bai saɓa wa tawakkali ba.

Mu kuma 'ya'ya da ƙannen majinyata, kuɗin kwalba ɗaya zai iya sayen ƙwai ko kindirmo marar suga na kwanaki, ko ya biya kuɗin motar zuwa awo. Kada wanda ya dakatar da metfomin don tsoron abin da na faɗa. Gyaran a cike giɓin ne bisa shawarar likita. Sannan mu riƙa zama da iyayenmu muna tambayar su abin da ke ransu, mu jure sauraron amsar. Hausawa sun ce ciwon da aka ɓoye shi ke kisa, labarin zuciya kuma a tambayi fuska. Allah Ya bai wa marasa lafiyarmu na gida da na asibiti lafiya.